Jan Biro Da Agogo: Yadda Nake Shirya 'Yan Aji Shida Don Turancin WAEC

Duk shekara idan sakamakon WAEC ya fito, akwai wata irin sallama da nake ji a ƙofar gidana a Tudun Wada ta Zariya, tun kafin in fito na san abin da ke tafe da mai ita. Uba ne riƙe da takardar da aka buga masa a shagon kwamfuta, ɗansa na tsaye a bayansa ya sunkuyar da kai. Lissafi C4, Bayoloji B3, Kemistiri C5, Turanci D7. "Malam, yaron nan fa wallahi yana da ƙoƙari." Na yarda, takardar ma ta shaida. Amma Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru, wadda mota ɗaya za ta kai shi ƙofarta, sai da kiredit biyar take karɓar ɗalibi, kuma dole Turanci na ciki. Kiredit daga C6 yake farawa ya yi sama. D7 ɗin nan ta ci masa shekara guda ke nan.

Shekara 19 ina koyar da Turanci a sakandare, da yamma kuma ina da 'yan lesin a zaure. Abin da na gani a tsawon wannan lokaci shi ne, yawancin yaranmu ba rashin ƙwaƙwalwa ke kayar da su ba. Suna shiga ɗakin jarrabawa ne ba su taɓa rubuta insha'i cikakke agogo na tafiya ba, kuma babu wanda ya taɓa zama da jan biro ya nuna musu ga inda maki ke zubewa. An ba su ma'anar suna da aikatau sun haddace, an rubuta musu samfurin wasiƙa a allo sun kwafa, shi ke nan. Wanda bai taɓa shiga ruwa ba, ko ka karanta masa littafin iyo daga farko har ƙarshe, ranar da ya faɗa rafin Kubanni sai an tsamo shi. Saboda haka nake rubuta wannan ga 'yan'uwana malamai, da iyaye, da yayyen da ke zama da ƙannensu da dare.

Farko dai a san takardar. Hukumar WAEC, wadda aka kafa tun 1952, tana raba Turanci gida uku. Takarda ta ɗaya tambayoyi 80 ne na zaɓi, awa ɗaya, maki 40. Ta uku gwajin furuci ce, tambayoyi 60 cikin minti 45, maki 30. Ta biyun ita ce uwa: awa biyu, maki 100. A cikinta insha'i na da maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. NECO ma, wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, sassan da take gwadawa ke nan, don haka shiri ɗaya ya wadatar. Ranar farko da na karɓi sabon aji, waɗannan lambobin nake rubutawa a allo kafin komai, in ce su kwafe su a bangon littafinsu. Kowace shekara kuma malami ya nemi manhajar hukumar ya sake dubawa da idonsa, kada ya dogara da ta bara.

Takarda ta ɗaya da ta uku ba zan tsaya a kansu ba. Tambayoyin shekarun baya suna nan a shagunan littattafai na Sabon Gari, yaro ya yi ta yi yana duba amsa, malami ya warware masa inda ya cije. Ta biyun ce ba ta yiwuwa sai da mutum a kansa.

Ni daga karatu nake farawa, tun watan Satumba, kuma wata biyu na farko ba na ba kowa insha'i. Wanda bai ci ba, me zai amayar? Nakan sayi jaridar Turanci sau biyu a mako, in yanke sharhin edita ko wani labari mai tsayin rabin shafi, in kai a yi hoto, kowa ya samu nasa. Sai su karanta a zuci minti biyar. Daga nan in ce a kife takarda, in nuna ɗaya in ce, "Faɗa mini da Hausa, me mutumin nan yake cewa?"

Wasu malamai ba sa son wannan, suna ganin bai kamata Hausa ta shigo ajin Turanci ba. Ni ban yarda da su ba. Yaron da ya kasa gaya maka da harshen da ya sha a nono abin da ya karanta, bai fahimta ba, ko da kuwa ya furta kowace kalma daidai. Akwai wata yarinya daga cikin birni, wajen Ƙofar Gayan, da ke karatu da murya kamar mai karanta labarai a rediyo, har ajin ke yin tsit. Ran nan na ba su sharhi a kan tsadar taki. Ta karanta tas. Na ce to, me ya ce? Ta yi shiru, ta murza gefen hijabinta, can ta ce, "Malam, maganar manoma ce." Na ce me ya sami manoman? Ba amsa. Muka koma sakin layi na farko, jimla bayan jimla, tana faɗa da Hausa ina gyarawa. Da muka kai na uku sai ta ɗago kai da sauri ta ce, "Au, wai takin yana zuwa ne bayan an gama shuka!" Kakanta manomi ne, ta san zancen sarai, Turancin ne ya rufe mata shi kamar murfin tukunya. Bayan an faɗa da Hausa, sai in ce a sake faɗa da Turanci cikin jimla biyu, ba tare da an buɗe takardar ba. Wannan atisayen shi ne tushen taƙaitawa, ko da yake ba na gaya musu sai daga baya.

Kowa kuma yana da ƙaramin littafi na sababbin kalmomi. Sharaɗina shi ne ba a rubuta kalma ita kaɗai, sai tare da jimlar da aka tsince ta a ciki. Dalili kuwa, a sashen auna fahimta ana ba ɗalibi kalmomi daga cikin nassin a ce ya kawo wata da za ta zauna a gurbin kowace. Idan kalmar aikatau ce ta abin da ya wuce, wadda zai kawo ma dole ta zo a haka. Idan jam'i ce, jam'i zai kawo. Nakan ce musu su cire ta asalin su dasa tasu, su karanta jimlar a zuci. In ta yi karo, ba ita ba ce. Kuma a ba da amsa ɗaya. Mai jera uku yana fatan ɗaya ta dace, kansa yake cuta.

A wannan sashe kusan kullum akan ciro wani yanki na jimla a tambayi sunansa a nahawu da aikin da yake yi, wani lokaci kuma a tambayi irin adon maganar da marubucin ya yi. Waɗannan maki ne na tsintuwa ga wanda aka koya wa, don tsarin tambayar ba ya sauyawa sosai. Mako biyu na ware musu, muna ciro misalai daga tambayoyin baya, har yaro ya riƙa bambance ganga (clause) da yankin jimla (phrase) da kallo ɗaya: akwai aikatau mai nuna lokaci a ciki ko babu?

Yanzu ga inda na fi daɗewa, wato kurakuran da Hausarmu ke jawo mana. Ba aibin Hausa ba ne, kowane harshe da inda yake jan mai shi. Amma malamin da ya san ramukan hanyar gidansu ya fi saurin tsallakar da yara.

Babban ramin shi ne lokaci. A Hausa muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Kalmar tafi tana nan yadda take, ɗan abin da ke gabanta ne ke ɗauke da lokacin. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa ne ke sauya kama: go, went, gone. Shi ya sa ɗan Bahaushe zai fara labari da went a layin farko, kafin ya kai layi na biyar ya koma go, don a ransa ya riga ya faɗa maka jiya abin ya faru, me kuma za a maimaita? Maganin da na samu shi ne, idan yaro ya gama rubuta labari, in sa shi ya ja layi da fensir a ƙarƙashin kowane aikatau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kansa, wannan ya wuce ko bai wuce ba? Sati uku ana haka hannu yake fara gyaruwa.

Sai p da f. Hausa harafi ɗaya take da shi a nan, don haka abin da baki ya gauraya, biro ma sai ya gauraya. Na sha ganin an rubuta fool inda ake nufin pool, da full a gurbin pull. Nakan sa su riƙe 'yar takarda a gaban leɓe: in ka faɗi p iska ta buge ta lokaci guda, in ka faɗi f haƙoran sama na kan leɓen ƙasa iska na zirarowa. Ana dariya a ajin, amma yana zama, kuma yana taimakawa a takardar furuci.

Akwai kuma fassara kai tsaye. Mu shan magani muke yi, sai yaro ya rubuta drink, alhali Turawa take suke cewa. Mu muna jin wari, jin sanyi, jin magana, duk da ji ɗaya, su kuwa kowanne da kalmarsa. Kalmarmu ta aro ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa, su sun raba lend da borrow. Mai fita yana cewa ina zuwa, in ya juya ta Turanci yadda take sai ma'anar ta kife. Sai 'yan ƙananan kalmomin nan a da an da the, waɗanda yaranmu ke zubarwa a hanya kamar buhun gero mai huda. Sai kalmomin da ba sa karɓar s na jam'i, irin su information da advice da furniture. Ina da jerin irin waɗannan guda 40 a kwali, na liƙa a bangon zaure, duk daga rubutun ɗalibaina na tsince su, ba daga wani littafi ba. Kowane malami ya tara nasa.

Na baya-bayan nan kuma waya ce ta kawo shi. Rubutun WhatsApp ya bi yara har ɗakin jarrabawa: u a gurbin you, ƙaramin i inda ake son babba, jimla ta fara da am babu I. Wannan ba na sassauci a kansa ko kaɗan.

Dalilin rashin sassaucin yana cikin yadda ake rabon makin insha'i. Maki 50 ɗin nan kashi huɗu ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da rubuta kalma daidai da aya da waƙafi da babban baƙi. A wannan na ƙarshen, kowane kuskure rabin maki ne. Kuskure 20 ya cinye goman duka. Ranar da na fara mayar wa aji insha'insu, nakan kira ɗaya ya zauna kusa da ni a benci, in bi takardarsa da jan biro a gabansa, duk kuskure in zagaye, shi kuma yana ƙirgawa da baki. Wani yaro daga Samaru, ɗan wani direba, ya kai ashirin tun bai gama sakin layi na biyu ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ke nan sauran duk a banza?" Na ce goman nan dai ta tafi, amma dubi abin da ka zagaye: goma sha ɗaya daga ciki kuskure iri ɗaya ne, ba ka sa babban baƙi bayan aya. Gyara abu ɗaya, ka dawo da maki biyar da rabi. Fuskarsa ta saki. Mako na gaba ya kawo rubutu mai zagaye tara.

Saboda haka ba na rubuta wa yaro "ka ƙara ƙoƙari" a ƙasan takarda, don bai san ta inda zai kama ba. Nakan rubuta masa kuskurensa biyu da suka fi yawa, in ce su kaɗai nake son ya kashe a wannan makon. Kuma dole ya sake kwafe insha'in da gyaran a ciki. Gyaran da ba a sake rubutawa ba, kallo kawai aka yi masa.

Na san abin da ɗan'uwana malami zai ce: aji mai yara 80 ko 100, yaushe zan duba insha'i duk mako? Gaskiya ne, nauyi ne. Abin da nake yi shi ne in raba ajin gida huɗu. Kowa zai rubuta duk mako, amma kashi ɗaya nake dubawa da kaina, sauran su yi musayar littafi su zagaye wa juna abin da ke kan kwalin bango. A wata guda kowa ya ratsa hannuna sau ɗaya. Bai kai yadda nake so ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Daga Janairu muke shiga nau'o'in insha'i. Tambayoyi biyar ake bayarwa a zaɓi ɗaya, kuma ba sa wuce wasiƙa, da maƙala don bugawa a jarida, da jawabi ko muhawara, da rahoto, da labari. Ana son kalmomi kamar 450. Kada yaro ya zauna ƙirga kalma a ɗakin jarrabawa. Tun a gida ya ƙirga kalmomi nawa hannunsa ke zubawa a layi ɗaya. In tara ne, layi 50 yake bukata, ya san inda zai kai a shafi. Rubutun da ya gaza tsayin ana rage masa maki, wanda ya zarce da yawa kuma kurakurai yake ƙara wa kansa.

Wasiƙa ita yaranmu suka fi zaɓa, kuma a nan tarbiyyarmu ke shigowa. Mu ba ma faɗa wa babba bukata sai mun gaishe shi, mun tambayi iyali da gajiya da aiki. Sai ka ga an ce yaro ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma a kan matsalar ruwa, ya cinye sakin layi guda yana gaisuwa. Nakan ce musu, ladabin wasiƙar hukuma a tsarinta yake: adireshinka da kwanan wata, adireshin wanda ake rubuta wa, Dear Sir, kanun magana, sai ka shiga zance kai tsaye, ka rufe da Yours faithfully, sa hannu, cikakken suna. Gaisuwar a ajiye ta sai wasiƙar aboki ko ta Baba, inda adireshi ɗaya ne, harshe a sake, a rufe da sunan yanka kaɗai. Kuma idan tambaya ta ce a kawo dalilai uku, uku ɗin za a kawo, kowanne da sakin layinsa. Mai kawo biyu ya bar maki a ƙasa tun kafin a duba Turancinsa.

Abin faɗa kuwa, kada a je nema nesa. Yaron da aka ce ya yi rubutu a kan cunkoson hanya, sai ya fara lalubo manyan kalmomin da bai san kansu ba, alhali kullum yana ratsa Kwangila da PZ. Wata Asabar nakan ba su aiki: kowa ya tsaya minti 15 a inda ya saba wucewa, Ƙofar Doka ko bakin kasuwar Tudun Wada ko layin famfon unguwarsu, ya rubuto abu biyar da ya gani da idonsa. Mai kurar ruwa da jarka goma sha biyu yana turawa a hawa. 'Yan makaranta shida a Keke Napep ɗaya. Kwatar da leda ta toshe. Da waɗannan ake gina sakin layi: jimlar farko ta faɗi batun, biyu ko uku su kawo abin da aka gani, ta ƙarshe ta faɗi abin da ya haifar. Gajeren Turanci mai tsabta da ke ɗauke da abin gaske ya fi dogon da aka yi wa ado da kalmomin aro. Shi ya sa nake hana haddar insha'i. Mai dubawa ya ga irinsa ɗari, kuma da wuya haddar ta dace da abin da aka tambaya.

Masu son labari, sau da yawa akan ba da wani karin magana na Turanci a ce a rubuta labarin da zai fito da ma'anarsa. Yaranmu sun tashi da tatsuniya, sun iya jan zare. Sharaɗi biyu nake sa musu: su tabbata sun gane karin maganar kafin su zaɓa, kuma kada mutanen labarin su wuce uku.

Taƙaitawa ita ce ta fi kayar da yara, ga ta da maki 30. Za a ba da dogon nassi a ce, misali, cikin jimla uku ka faɗi dalilan abu kaza, cikin uku kuma ka faɗi mafita. Laifuffukan da ke cin maki sanannu ne: kwafo jimlar marubuci yadda take, cusa misalai da ƙarin bayanin da ba a nema ba, da rubuta guntun zance wanda ba cikakkiyar jimla ba. Nakan ce su fara karanta tambayar kafin nassin, don su san abin da suke farauta. In sun sami batu su sa ɗigo da fensir a gefe, su ɗauke ido daga takardar, su faɗa wa kansu da Hausa, sannan su rubuta da Turancinsu, jimla ɗaya batu ɗaya, kowace a layinta da lambarta. A nan yarinyar Ƙofar Gayan ta ce, "Malam, ai wannan shi ne abin da muke yi da jarida." Na ce shi ne.

Daga Maris sai agogo. Kowace Asabar da safe, awa biyu cur, cikakkiyar takarda ta biyu daga shekarun baya, ba magana, ba fita, ba waya. In azumi ya faɗo a lokacin, mukan dawo da gwajin bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Agogon bango nake ratayawa a gabansu: minti 50 na insha'i, 30 na auna fahimta, 40 na taƙaitawa. A cikin hamsin ɗin, biyar na farko na tsara batutuwa ne a gefen takarda, biyar na ƙarshe na bin aikatau da aya da babban baƙi. Idan lokacin sashe ya cika nakan buga tebur, ko ka gama ko ba ka gama ba ka wuce gaba. Makon farko rabin ajin ba sa taɓa taƙaitawa, sun ƙone lokacinsu a insha'i. Gara su ji zafin wannan a zaurena a watan Maris da su ji shi a watan Mayu.

Iyaye kuma ga naku. Ko ba ku jin Turanci, kuna iya ba yaro awa ɗaya da dare wadda ba aike ba talla, ku tabbata fitila na da caji, ku ce ya karanta muku abin da ya karanta da Hausa. 'Ya'ya mata musamman a rage musu aikin gida a watanni ukun ƙarshe. Kuɗin da wasu ke kaiwa cibiyoyin da ake sayen amsa, ina roƙonku da Allah ku sayi ƙamus da jarida da littafin rubutu da shi. Hukumar na riƙe sakamakon waɗanda ta kama, wanda ya tsallake kuma zai je jami'a ya tarar da rubutu na jiransa tun zangon farko, babu mai rubuta masa.

Ana gobe jarrabawa ba na koyar da sabon abu. Kowa ya buɗe littafinsa ya karanta kurakuransa biyu da ya fi yi, ya tanadi biro biyu da fensir, ya kwanta da wuri. Lokacin damina ta fara sauka a Zariya, don haka nakan ce su sa katin jarrabawa a leda, su fita da wuri ko da hadari ya haɗo. In an raba takarda, su karanta tambayoyin insha'i biyar ɗin duka sau biyu kafin biro ya taɓa takarda.